Kada Ka Kife Mini Ƙwarya

Na taɓa buɗe gidan zane a Gwarzo, kuma har yau in na faɗi haka sai a ɗauka bakina ne ya karkace, a tambaye ni atamfa nake sayarwa ko saƙi. Da can nakan tsaya in yi bayani, in ce zanen hannu nake nufi, wanda ake yi a kan katako ko ƙwarya don a kalla. Yanzu na gaji. In an tambaya sai in ce atamfa, a yi dariya a wuce wurin.

A shekarun da gyaɗa ke tashe aka yi abin. Ina koyarwa a elementare, ina da mata ɗaya da keke ɗaya da kai cike da shawarwarin da ba wanda ya nema. Aka tura mu kwas can kudu, wani abokin kwas ya ja ni wani ɗaki a cikin gari. Bango fari fat, ba kujera ba gado, sai zane-zane a rataye, kowanne da tazara tsakaninsa da ɗan'uwansa. Akwai na tsofaffin da sunansu ya riga ya fita, akwai na samarin da ko iyayensu ba su san suna zane ba, duk a bango ɗaya. Mai ɗakin shi ba ya zana komai. Aikinsa ya nemo masu hannu, ya rataye aikinsu, ya tsaya musu in mai saye ya zo. Na ce a raina, ashe dillanci ne aka shafa wa farar ƙasa. Tun kafin in fito daga ɗakin Goggo ta faɗo mini a rai.

Goggo yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun daga yaye har aka sa ni makaranta. Tana zaune a bayan garin Kabo, a unguwar mutanenmu da suka bar yawo da shanu suka kama noma, amma ba su rabu da nono ba. Sana'arta zanen ƙwarya. Takan jera 'yan wuƙaƙenta a garwashi, in ɗaya ta yi ja ta zaro ta bi bayan ƙwarya da ita, hayaƙi yana tashi siriri, kafin wannan ta huce wata ta yi ja. Ba ta awo, ba ta fara shatawa da gawayi. Da ƙaurin ƙonanniyar ƙwarya na girma, har yau in na ji shi yunwa nake ji, don ranar da Goggo ke aiki ita ce ranar da tuwo ke makara.

A da, daga Kabo har Sabon Birni, jeren amarya bai cika ba in babu ƙwaryar Goggo. Sai gyaɗa ta yi daraja, ta jawo langa da fanteka masu furanni ja da shuɗi, waɗanda ba sa fashewa balle a nemi gyartai. Ban ga laifin mata ba, matata ma langa ta jera. Masu zuwa wurin Goggo suka yi ta raguwa, har aka yi kaka guda ba wanda ya yi sallama don ƙwarya. Ba ta yi ƙorafi ba. Ta naɗe wuƙaƙen a tsumma ta soke a jinkar ɗaki, ta koma ɓarar gyaɗa kamar kowa. Duk zuwan da zan yi sai idona ya kai kan tsumman nan, raina ya ɓaci. Abin da nake so ɗaya ne, in ga Goggo ta sake sa wuƙa a wuta. Sauran maganganun da na riƙa yi wa mutane, na raya sana'a da ɗaga sunan gari, duk ado ne.

Wuri kuwa wajen kawuna Alhaji na samu, wan mahaifiyata, mai sayen gyaɗa. Yana da sito kusa da tasha, mai rufin kwano, wanda daga ranar da motar ƙarshe ta kwashe buhuna zuwa Kano yake zama fayau har wata kakar. Na same shi a zaure, na tambayi iyali da kasuwa da ƙafarsa mai ciwo, sannan na kawo maganar.

"Me za ka ajiye a ciki?" in ji shi.

"Zane, Kawu."

"Daga koyarwa kuma sai tallan zane? Ai wannan na dillalai mata ne." Ya ji ni sarai, tsokana ce.

"Ba na ɗaurawa ba, Kawu, na kallo."

"To in an kalla sai me?"

"Sai a tafi. Wanda ya ga yana so ya saya."

"Ɗauki makulli, Malam. Amma ranar da buhun farko ya iso, ko sarkin masu zane ne a ciki waje zai yi."

Na share siton, na toshe ramukan ɓeraye, na shafe bango da farar ƙasa har hannuna ya tsattsage. Warin gyaɗa dai bai fita ba, duk abin da na rataye a wurin sai da ya ɗauka.

Wanda ya fara amincewa da ni wani mai fentin motoci ne daga Kutama, magidanci, sa'ana. A tasha zakuna da mikiya yake zana wa direbobi, don su suke so. A gida kuwa, a kan guntayen katakon bodin mota, yakan zana abin da idonsa ya gani: mata suna ɓarar gyaɗa a gindin ɗorawa, manoma a layin sikeli kowa ya zuba wa allurar ido. Ƙarƙashin gado yake tura su, ba wanda ya taɓa gani sai matarsa, ita kuma cewa take ɓarnar fenti ce. Bayansa na samu wani tsohon maɗinki wanda duk manyan ƙasar ke sa rigarsa, ya ara mini gaban riga guda da bai gama haɗawa ba. Wani baduku ma ya kawo nasa. Bango ya fara cika.

Mai fenti shi ya rubuta mana allo da rawayen fenti, GIDAN ZANE, muka kafa a bakin ƙofa. A baki kalmomin nan biyu ba sa haɗuwa, zanen kallo ana jan sa, zanen ɗaurawa ana datse shi. A rubutun boko kuwa uwa ɗaya uba ɗaya suke. Duk ɗan makarantar da aka ce ya karanta allon, na ɗaurawa yake karantowa, don shi ya sani. Kafin mako ya zagayo labari ya shiga gidaje cewa malamin elementare ya buɗe kantin atamfa. Tsofaffi mata suka yi ta zuwa, wasu don kansu, wasu matan kulle ne suka aiko su. Su yi sallama, su dubi bango sama-sama, su ce, "Malam, ina zannuwan, ko ba a kawo ba tukuna?" In yi bayani, su ce Allah ya kyauta, su fita.

Duk da haka ban karaya ba, don babban aikin yana Kabo. Na hau keke na tafi. Na tarar da Goggo a inuwar rumbu tana tsince wake.

"Maraba da Malam," ta ce. Tun da na fara koyarwa take kirana haka, kuma ban taɓa jin ta faɗa ba tare da ɗan murmushi ba. "Ka zo lafiya? Ina gajiya? Ina mutan gidan? Yaya yaron nan naka mai tari, ya samu sauƙi? Yaya zafi wajenku?"

Na amsa, ni ma na tambayi shanu da maƙwabta da bayanta mai ciwo. Sai da na sha fura na huce sannan na faɗi abin da ke tafe da ni. Ta saurara har na gama, ba ta daina tsintar wake ba.

"Wato in ba ka ƙorena ka kai siton gyaɗa ka jera. Wace amarya ce a siton?"

"Ba amarya, Goggo."

"Jere ba amarya. To wa zai sha nono a ciki?"

"Ba wanda zai sha. Kallo za a yi, a san akwai mai hannu irin naki."

"Waɗanda suka sani sun sani, kuma langa suka saya."

Na koma hannu rabbana. Na sake dawowa, na kuma sake, har karnukan unguwar suka daina yi mini haushi. Ba hujjata ce ta ci ta ba, gajiya ta yi da ganina ina jiƙe da gumi a ƙofar ɗakinta. Rannan ta shiga ɗaki ta fito da nata jeren, ƙoren da ta zana wa kanta tun tana da ƙarfi ba ta taɓa sayarwa ba, daga masaki babba har ɗan ƙoƙo. Ta saka ƙanana cikin manya, ta naɗe da tsohon zane, ta ɗaure mini a bayan keke da hannunta. Sannan ta riƙe sirdin.

"Abu ɗaya, Malam. Kada ka kife mini ƙwarya ina da rai."

Na san abin da take nufi, a ɗakinta na tashi. A wurin mutanenmu ƙwaryar aiki ana wanke ta a kife ta sha iska, wannan ba komai. Amma ƙwaryar jere, ta ado, bakinta sama yake kallo muddin mai ita tana numfashi. Ranar da mace ta rasu, matan unguwa sukan shiga ɗakinta su kife jerenta duka, duk wadda ta leƙo ta gani ba sai an faɗa mata ba. Na yi wa Goggo alkawari da saurina, ina murna, na taka keke har Gwarzo ban ji tudu ba.

Sai da na kwance ƙoren a sito na ga inda gizo ke saƙar. Zanen ƙwarya a bayanta yake. In ta zauna bakinta sama, abin da mai kallo zai gani shi ne cikinta, fari, ba komai, sai ɗan layin ado a gefe. Sauran duk yana ƙasa, benci ne ke kallonsa.

Na jera su a benci haka nan. Mutane su leƙa ciki, su ga ba komai, su dube ni. Wani ya tambaya ko ruwan sha ne ya ƙare. Wani bawan Allah ya gama cin gyaɗarsa ya zuba ɓawon a cikin masaki, ya ɗauka don haka aka ajiye. Na aro madubi wurin wanzami, na ɗora ƙwarya a kan duwatsu uku na shimfiɗa madubin a ƙasa. Aka yi layi kuwa, amma kowa fuskarsa yake dubawa, ya gyara hula ya wuce. Na yi tunanin in jingina su da bango, sai na tuna Goggo na cewa jinginawa rabin kifewa ce. Daga ƙarshe na sa aka saƙa mini ragaya, na rataye kowace ƙwarya a tata daga rufi, yadda mai shigowa zai ɗaga kai ya ga bayanta. Igiya ta rufe rabin zanen, duhun rufi ya cinye sauran, kuma na gano mutum ba ya ɗaga kai a ɗakin da ba nasa ba.

Mai fenti ya gaji da ganina a kan tsani.

"Malam, don Allah kife su mana. Tana Kabo, muna Gwarzo, ta ina za ta sani?"

"Masu tallan nono daga wajensu suke zuwa kowace kasuwa. Kafin la'asar an kai mata."

"To a rufe ƙofa, mu biyu kawai, in gani sau ɗaya. Wallahi wuyana ya gaji."

Na ƙi. Ba tsananin riƙon alkawari ba ne kaɗai, tsoro nake ji. Mutumin da ya yi kwas a kudu, yake koya wa yara cewa duniya zagayayya ce, ga shi yana tsoron juya ƙwarya. Mai fenti ya yi fushi ya kwana biyu bai leƙo ba, sannan ya dawo da sabon katako.

Damina ta sauka. Rufin kwano yana yoyo ta wuraren da ban san da su ba sai da ruwa ya nuna mini. In an tashi daga makaranta in wuce sito, in matsar da wannan, in goge wancan, in zauna a bakin ƙofa har magariba. Masu shigowa dai su ne masu neman atamfa da masu fakewa ruwa. Tsohon maɗinki ya aiko ya karɓe gaban rigarsa, ya ce danshi zai ɓata zare, kuma gaskiyarsa. Matata ta daina tambayata yaya sito, ta koma tambayata yaushe za a fara cirar gyaɗa.

Sau ɗaya aka yi baƙo na gaske. Wani ɗan kasuwa daga Kano, mai tara irin waɗannan abubuwa, motarsa ta lalace a tasha ya shigo yana jiran makaniki. Ya tsaya gaban katakon matan nan masu ɓarar gyaɗa ya daɗe, ya tambayi wanda ya yi, na kira mai fenti suka gaisa. Ranar na yi dillancin da na gani a kudu, na yi shi da kyau, baƙo ya tafi da wani katakon daban ya ce zai aiko neman ƙari. Da na nuna masa ragaya ya ɗaga kai ya ƙanƙance ido, ya ce a sauko da ɗaya. Na sauko da ita na ɗaga sama da kaina da hannu biyu don ya ga bayan, shi yana rusunawa yana leƙe. Ya miƙa hannu zai karɓa ya juya, na janye. Ya dube ni kamar mai taɓin hankali, ya ce da alama aiki ne mai kyau, amma shi ba ya sayen abin da bai gani ba. Na yi wa mai fenti murna har zuciya, na kuma koma gida ban iya cin tuwo ba.

Da ruwa ya fara ɗaukewa Alhaji ya biyo ta sito, ya tsaya daga ƙofa bai shigo ba. Ya ce an fara cira a wajen Kutama, in shirya. Washegari na tafi Kabo. Ban yi dogon bayani ba, ƙarfin yin sa ya ƙare. Na ce, "Goggo, za a rufe wurin. Ki zo sau ɗaya ki gani. In kin ga dama ki taho da wuƙaƙenki, in hura miki gawayi, mutane su ga yadda ake yi." Ta ce za ta duba.

Ranar kasuwa da hantsi sai ga ta ta sauko daga gaban wata motar gyaɗa, da ɗan ƙunshi a ka. Ta tuɓe takalmi a ƙofar sito ta yi sallama, ko da yake ba kowa ciki sai ni da mai fenti. Ta kwance ƙunshin a kan tabarma: ɗanyar ƙwarya guda wadda ba a taɓa ba, da tsumman nan na jinka. Da na ga tsumman sai da na juya baya na yi kamar ina gyara wani abu a bango. Na fita da gudu na samo kasko da gawayi na hura.

Ta bi bango a hankali. Gaban matan masu ɓarar gyaɗa ta tsaya, ta kai fuska kusa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Inna," in ji mai fenti, ya durƙusa.

"Ka san zaman ɓara. Waccan ta gefe bayanta ke ciwo, ga yadda ta karkace. Allah ya yi wa hannu albarka."

Sannan ta ɗaga kai ta dubi ragayu. Ta ja tabarmarta bayan ƙyaure, inda take ganin mai shigowa shi ba ya ganinta, ta zauna ta ɗora ɗanyar ƙwaryar a cinya, tsumman yana gefenta a ɗaure.

Ranar an shigo, don kasuwa ta cika. Mata biyu suka tambayi atamfa. Wani ya shigo gudun rana ya yi gyangyaɗi a benci. Wasu samari suka yi dariyar wani manomi a zanen layin sikeli, suka ce ya yi kama da baffansu. Wata ta bugi ragaya da kayan kanta, ta yi tsaki ta ce wa ya rataye tarkace a hanya. Ni kuwa ina ta cewa, "Ku ɗaga kai, ku dubi sama," ana ɗagawa don kunyata a sauke. Gawayi ya cinye na ƙara, ya sake cinyewa na ƙara. Goggo ba ta kwance tsumman ba.

Bayan azahar ta ce, "Malam, bar ɓarnar gawayi. Sauko mini da su."

Na ɗauka gida za ta tafi da kayanta. Na hau tsani ina miƙo wa mai fenti, shi yana ajiyewa a benci. Goggo ta tashi, ta ɗauki masaki, ta goge shi da gefen mayafinta ciki da baya. Sai ta juya shi ta kife.

"Goggo!"

"Ni na hana, ni na kife. Matsa ka ba ni wuri."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana gogewa tana kifewa, ba gaggawa, har ɗan ƙoƙon. Ta ce a jawo bencin bakin ƙofa inda haske yake.

Ni da na girma a ɗakin da ƙoren nan suke, ranar na fara ganinsu. Ashe duk zanen daga gindi yake tasowa, daga daidai wurin da ƙwarya ke zama a kai. A masakin wani ɗan ƙulli ne a tsakiya kamar cibiya, layuka suka fito daga cikinsa suna ratsa juna suna buɗewa, baƙi da ja da ruwan zuma, gwargwadon zafin wuƙar da ta bi wurin. A wata garken shanu ne da ba a zana saniya ko ɗaya ba, ƙahoni kawai, suna zagaye suna bin juna. Abin da nake gani a gefe tun ina yaro ashe jelar aikin ce. Mai fenti ya durƙusa gaban bencin ya ƙare musu kallo, sannan ya ce, "Inna, me ya sa mafi kyau yake inda ba a gani?"

"Nan ake farawa, tun hannu bai gaji ba," ta ce, ta koma bayan ƙyaure ta zauna.

Ba wanda na kira. Masu wucewa suka fara tsayawa da kansu, ɗaya ya ja biyu, har ƙofa ta toshe. Mai gyangyaɗi ya farka ya matso. Matan da suka tambayi atamfa suka dawo da wasu. Ana nunawa da yatsa, ana gardamar ko da allura aka yi, wani yana cewa ba hannun mutum ba ne. Wata uku da wani abu ina jiran wannan hayaniyar, ga ta ta zo, ni kuwa ina tsaye ina kallon ƙoren Goggo a kife tana da rai.

Ana cikin haka wata tsohuwa mai tallan nono ta kutsa, daga wajen Sabon Birni, da fanteka a kanta. Tana ganin bencin ta tsaya cik. Ta sauke fantekar a ƙasa, ta dafa ƙirji.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaushe? Wallahi ba mu ji ba. Wannan ai hannun mai zanen Kabo ne, ita ta yi mini ƙwaryar aurena. Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta."

Na buɗe baki zan ce ga ta nan, sai murya ta fito daga bayan ƙyaure.

"Amin."

Tsohuwar ta waiga, ta ga mace a zaune cikin duhu ta ja mayafi, ta ɗauka mai zaman makoki ce. Ta rusuna ta ce, "Ashe haka Allah ya yi. Allah ya ba ku haƙuri."

"Amin, mun gode," in ji Goggo.

Tsohuwar ta ɗauki fantekarta ta fita tana share ido.

Da la'asar na raka Goggo tasha. Ban daddara ba, a hanya na ce, "Kin ga mutane dai, Goggo. Yanzu in kika yi sabuwa, rububinta za a yi." Ta ce rana ta yi sanyi, ya kamata ta isa kafin shanu su dawo. Ɗanyar ƙwaryar tana hannunta. Tsumman kuwa sai da na koma sito na gan shi a gaban mai fenti, ta ba shi ta ce ya riƙa kankare katako da wuƙaƙen. Ƙoren ta ce in riƙe, ba ta da wurin ajiye su.

Buhun farko ya iso ba da daɗewa ba, Alhaji ya cika alkawarinsa. Na cire allon, na mayar wa kowa kayansa, na kai ƙoren gida na jera a kan wani katako a ɗakina yadda ta bar su. Shekarar da ta biyo baya, Alhaji ya miƙo mini makulli da kansa, na ce ya bar shi. Mai fenti ya koma Kano, sunansa ya fita, kuma na sha ganin ƙahonin nan na Goggo suna zagaye bodin manyan motoci a hanyar Kabo. Ban taɓa ce masa komai ba, ita ta ba shi wuƙaƙen.

Goggo ta yi shekaru masu yawa bayan haka, lafiyarta ƙalau, tana ɓarar gyaɗa tana shan fura a langa. Labarin mutuwarta da ya zaga ya dawo, aka yi ta zuwa ta'aziyya ana tarar da ita tana tsince wake, ita ce ma ke ba su haƙuri. Ba ta sake zana ko ludayi ba, ni kuma ban sake roƙonta ba.

Ranar da ta rasu da gaske ina zaune a zaure cikin maza bayan an dawo daga maƙabarta. Matan unguwa suka shiga ɗakinta don su kife jere kamar yadda aka saba, ba su sami komai ba sai langa da ɗanyar ƙwaryar nan, tana nan fara yadda take. Wata dattijuwa ta leƙo zaure ta ce, "Malam, an ce ƙorenta suna wurinka. A kawo mu yi mata abin da ake yi."

Na ce, "Inna, an riga an yi. Ita ta yi da hannunta."